Babi na Shida: Inda Sanda Ke Zama Baka

A shekarar 1371 masu sassaƙa baka na birnin Landan suka je gaban magajin gari da dattawan birni suna neman a kafa wa sana'arsu dokoki. Cikin abin da aka zartar har da hana kowane ɗan sana'ar yin aiki da dare, bisa hujjar cewa bakan da aka yi da dare ba ya kama ƙafar wanda aka yi da rana. Ba ƙiwuya ce ta sa suka nemi haka ba, don kasuwarsu tana ci a lokacin: Ingila tana tsakiyar dogon yaƙinta da Faransa, fada tana sayen baka dubu-dubu. Duk wanda ya taɓa wannan aiki zai gane abin da suke nufi. Sassaƙe itace da gizago ko a hasken kyandir ana iya yi. Amma a tsaya a dubi yadda reshen baka ke lanƙwasa, a gane inda ya ƙi motsi da inda ya zarce, wannan sai da hasken rana da ido mai natsuwa.

A babin da ya gabata mun bar sandarmu ta bushe, an fitar mata da mariƙi a tsakiya, an zana faɗin rassanta biyu an sassaƙe. Wanda ya gan ta a jingine zai ce baka ne, alhali ba ta kai ba tukuna. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙarar duwatsun Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu sama da shekara 5,000 da suka wuce, shi ne ake kira Ötzi. Tare da shi akwai sandar itacen yuw mai tsawon santimita 182, da sawun sassaƙa a jikinta, babu gurbin tsirkiya a kawunanta, kuma yawancin masu bincike suna ganin bai gama ta ba ajali ya cim masa. A wannan matsayi tamu take yanzu. Siffa ta samu, amma babu wanda ya san abin da za ta yi idan aka ja ta, har shi mai sassaƙar.

Kafin a taɓa wuƙa, ya kamata a san abin da ke faruwa cikin itacen. Ka tsinko ɗanyen reshe ka tanƙwara shi a hankali kana kallo. Ɓawon gefen waje zai miƙe, na gefen ciki ya tattare. Haka baka yake duk lokacin da aka ja shi. Fuskar da ke kallon abin harbi, wato bayan baka, zarenta miƙewa yake yi. Fuskar da ke kallon maharbi, wato cikin baka, matse ta ake yi. Busasshen itace ya fi jure ja a kan matsa, wajen ninki biyu, saboda haka ciki ne ke fara gajiya. Amma baya ne ke kashe baka farat ɗaya. Zaren itace ba ya miƙewa fiye da kusan kashi 1 cikin 100 na tsawonsa kafin ya tsinke, kuma baka mai ƙarfi yana kusantar wannan iyaka duk sa'ad da aka cika jansa. Zare ɗaya da wuƙa ta datse a baya ya isa ya ɗago ya tsaga reshen gaba ɗaya. Shi ya sa tun daga nan har ƙarshen aiki ba a sake taɓa baya. Duk gyara a ciki ake yin sa, wani lokaci kuma a gefe.

Akwai lissafi guda da nake so mai karatu ya riƙe ko da ya manta da sauran babin. Idan ka ninka faɗin reshe sau biyu, taurinsa ya ninku sau biyu. Idan kuwa kaurinsa ka ninka sau biyu, taurin ya ninku sau takwas. Juya lissafin ka ga abin tsoro. Wurin da kaurinsa ya kai milimita 20, in ka kankare milimita 1 kacal, ka rage masa kusan kashi 14 cikin 100 na taurinsa. In ka cire 2, kashi 27 ya tafi. Can wajen kai, inda kaurin bai wuce milimita 12 ba, milimita ɗayan nan kusan kashi 23 take kwashewa. Nan ne aikin gizago ya ƙare. Magagari ma na ɗan lokaci ne. Abin da zai kai ka ƙarshe shi ne kankara, da wuƙa a tsaye bisa itacen, ko ɗan farantin ƙarfe mai kaifin gefe, ko ɓallin kwalba, wanda ke fitar da siririn ɓawo a kowane ja.

Manufar aikin duka ita ce kowane taƙi na reshe ya ɗauki rabonsa na wahala. Kamar mutum goma ne suka ɗauko azara a kafaɗa: in bakwai suka noƙe, nauyin bai ragu ba, ya dai koma kan ukun da suka rage, kuma ɗayansu ne zai fara durƙushewa. Reshen da rabinsa ya sandare, sauran rabin ne ke biyan bashin.

Daga ƙasa zuwa ginshiƙi

Gwajin farko ba ya buƙatar kayan aiki. Ka kafa kai ɗaya a ƙasa, ka riƙe ɗaya kan da hannu, ka danna mariƙi da ɗaya hannun kana leƙen reshen da ke ƙasa. Da fari zai ƙi ko gezau. Ka rage kauri daga ciki, tun daga gindin reshe har kai, ka sake dannawa, ka juya ka gwada ɗaya reshen, har kowannensu ya fara ba da kai wajen santimita 10 ba tare da ka sa dukan nauyin jikinka ba. Wannan mataki ba ya nuna abu mai yawa, amfaninsa kawai kada a ɗora tsirkiya a kan sandar da ta fi ƙarfinta.

Daga nan sai a yanka gurbin tsirkiya a kawunan biyu, a sa doguwar igiya mai sako-sako, a ɗora bakan a kan abin gwaji. Iri biyu ne. Na farko sanda ce ta katako mai tsawon kusan mita ɗaya, da mazaunin mariƙi a samanta, da tsage-tsage a jikinta inci-inci inda ake maƙala igiyar, sai mutum ya ja da baya ya duba. Na biyu ginshiƙi ne a jikin bango, da ƙaramar taya mai juya igiya a ƙasansa irin wadda ake sawa a bakin rijiya, da sikeli mai ƙugiya tsakanin igiyar ja da tsirkiya. Mai aiki yana tsaye nesa da taku uku ko huɗu, yana ja yana saki. Na fi son na biyun nesa ba kusa ba. A kan sanda, baka yana daɗewa a ɗame yayin da kake nazari, kuma kowace daƙiƙa da ya yi a haka cikinsa yana daɗa matsuwa. A ginshiƙi kuwa ja ne na ƙiftawar ido, sannan kana ganin reshen yana motsi, abin da ya fi ganinsa a tsaye faɗar gaskiya. In kuma ya karye, kana nesa da shi. Yana da kyau a ja layuka a bangon bayansa da alli, a kwance, tazararsu ɗaya, don ido ya sami abin aunawa.

Tun kafin ja na farko sai ka yanke shawarar ƙarfin da kake so. Masu wannan sana'a da laba da inci suke lissafi: misali laba 50 a jan inci 28, wato kusan kilo 23 a santimita 71, wanda shi ne jan da aka saba ɗauka na matsakaicin mutum. Da zarar ka tsayar da wannan adadi, sikeli ba zai sake wuce shi ba har a gama. In bakan ya kai laba 50 tun a inci 12, to a nan za ka tsaya, ka kankare, ka dawo. Gaba zai kai 50 a inci 14, sannan 16, da haka har 28. Haka nan ba a jan baka ya wuce inda ido ya fara ganin aibi, ko da sikeli bai je ko'ina ba. Dalili shi ne ƙwayoyin itacen ciki in suka murƙushe ba sa sake tashi. Ja ɗaya na ganganci ya isa ya bar tabon da kankara ba ta gogewa.

Bayan kowace kankara, sau goma ko ashirin a wuri, dole ne a motsa bakan. A ja shi a saki wajen sau ashirin zuwa talatin, iyakar inda aka tsaya a baya, kafin a yanke hukunci. Itace ba ya nuna abin da aka yi masa nan take. Wanda ya kankare ya duba ya ga babu canji, ya ƙara, ya ƙara, zai tarar duka ukun sun bayyana masa lokaci guda, kuma a lokacin ya makara.

Doguwar igiya tana da yaudara guda da ya kamata a sani. Saboda yadda take jan kawunan ƙasa-ƙasa, takan sa su yi kamar sun fi yadda suke tauri. Wanda ya biye mata ya fere wajen kai, ranar da ya ɗaura gajeriyar tsirkiya zai ga kawunan sun yi laushi fiye da kima. Don haka da zarar rassan biyu suna tafiya tare, babu wani aibi a fili, a bar doguwar igiya a ɗaura ta gaskiya, da farko a ƙasa-ƙasa, tazarar santimita 7 ko 8 daga mariƙi, a hankali a kai ta wajen 15, kimanin dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe.

Aibi iri biyu ne ido ke nema. Akwai wurin da ya sandare, ya miƙe sambal a tsakiyar lanƙwasa. Wannan mai sauƙi ne: a shafa masa fensir a ciki, a kankare har fensirin ya tafi, a motsa, a duba. Akwai kuma gwiwa, inda reshe ya karyo a wuri ɗaya maimakon ya zagayo. Gwiwa ita ce babbar abokiyar gaba, kuma ta fi son wurare biyu: daidai inda mariƙi ya gangaro ya haɗu da reshe, da kuma kashi na uku na waje inda itacen ya fara sirancewa. Ba a gyara gwiwa a kan gwiwa. Ana zagaye ta da fensir ne a ƙaurace mata, a rage duk sauran reshen har ya sauko daidai da ita, sannan a rage ɗaya reshen shi ma don su yi kai ɗaya. Ka ga kuskuren wuri guda ya ci ƙarfin baka gaba ɗaya. Da yawa daga masu neman laba 50 da suka ƙare da 30, nan suka rasa ta. In aka bar gwiwa aka ci gaba da ja, sai siraran tsage-tsage su bayyana a ciki, a gicciye ko a karkace. Zaren ne ya karye saboda matsa, kuma daga nan kwanan bakan ƙidayayye ne.

Ido yana gajiya, yana kuma da son kai. Akwai dabarun taimaka masa. A juya bakan, reshen dama ya koma hagu, sau da yawa aibin da ya ɓuya sai ya fito. A ɗauki hoto da waya a duba daga baya. A sami ɗan katako miƙaƙƙe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a riƙa zame shi a cikin baka yana ɗame, ana kallon ratar da ke tsakanin tsakiyarsa da itacen: inda ratar ta ƙaru akwai lanƙwasa da yawa, inda ta rufe akwai tauri. Wasu sukan huda tsakiyar katakon su cusa fensir, shi da kansa ya riƙa zana wuraren da suka sandare. Yatsu ma suna gani. Ka kama reshe tsakanin babban yatsa da manuni ka ja daga gindi zuwa kai idonka a rufe, za ka ji kwari ko tudun da ido bai kama ba.

Wace lanƙwasa ce daidai?

Nan ne na fi ganin masu koyo suna ɓata, domin sun zo da hoto guda a ka, na jinjirin wata, suna so kowane baka ya koma shi. Babu lanƙwasa ɗaya da ta dace da kowane baka. Abin da ake daidaitawa shi ne wahalar da zaren ke sha, ita kuwa ta dogara ga abu biyu, kaurin wurin da tsananin lanƙwasarsa. Wuri mai kaurin milimita 20 da mai milimita 10, in suka lanƙwasa daidai wa daida, mai kaurin yana shan wahala ninki biyu. Saboda haka mai kauri ya kamata ya lanƙwasa kaɗan, siriri ya lanƙwasa da yawa, sannan ne rabo ya zo daidai.

Daga nan za ka ga cewa siffar da ka zana a fuskar baka ita ke faɗa maka lanƙwasar da za ka nema a gefensa. Nauyin ja ya fi yawa kusa da mariƙi, yana raguwa har ya ƙare a kai, don haka dole reshe ya riƙa ragewa, ko ta faɗi ko ta kauri. In faɗin ne ke tsukewa a miƙe daga gindi zuwa kai, kaurin zai kasance kusan ɗaya ko'ina, kuma lanƙwasar da ta dace ita ce yankin da'ira. In faɗin bai canja ba har ya wuce rabin reshe, to kauri ne ke raguwa, kuma reshen ya kamata ya fara da lanƙwasa kaɗan a gindi, tana ƙaruwa ana fita waje. Dogon bakan Ingila, mai kauri da ƙarancin faɗi, ba shi da sandararren mariƙi. Yana ɗan motsi har cikin tafin hannun maharbi, tsawonsa ne ke raba masa wahalar. Bakunan da aka tono a fadamar Holmegaard ta ƙasar Denmak a shekarun 1940, na itacen elm, masu shekara wajen 9,000, faffaɗa ne kusa da mariƙi, sirara can waje, kuma masu kwaikwayonsu a yau sukan bar yawancin aikin ga faffaɗan wurin. Huɗun nan in ka jera su a ɗame, babu wanda ya yi kama da wani, kuma kowanne daidai yake.

Kauce wa wannan ma'auni yana da farashi, ko da bakan bai karye ba. Wanda ya cika lanƙwasa kusa da mariƙi yakan kantare a nan, kuma ɗan kantarewa a gindi yakan zama mai yawa in ya isa kai. Ga shi yana dukan hannu idan aka saki kibiya. Wanda ya cika lanƙwasa a kawuna kuwa yana da laushin ja da farko, amma kafin a kai ƙarshe sai ya cije, saboda kusurwar da ke tsakanin tsirkiya da kai ta kusa miƙewa tsaye, sannan siraran wuraren da aka ɗora wa aikin ba sa daɗewa. A ganina gara mai koyo ya bar santimita 15 na ƙarshen kowane kai da ɗan tauri, ya rage musu nauyi ta gefe, don kai mai nauyi yana cinye saurin kibiya.

Duk wannan bayani ya ɗauka cewa sandar miƙaƙƙiya ce, alhali bishiya ba ta girma don a yi baka da ita ba. Akwai ƙulli inda reshe ya taɓa fitowa, akwai tudu da kwari, akwai wurin da sandar ta ɗan karkata baya ko gaba tun tana hutawa. A irin wannan itace, ido ba siffar ƙarshe yake aunawa ba, nisan da kowane wuri ya yi daga inda ya taso yake aunawa. Wurin da ya karkato wajen maharbi tun asali zai yi kama da gwiwa ko da bai motsa ba. Wanda ya karkata gaba zai yi kamar ya sandare alhali yana aiki fiye da kowa, kuma wanda ya kankare shi ya haƙa wa bakan kabari. Maganin abin shi ne a kwantar da sandar a takarda tun kafin ja na farko a zana gefenta, a riƙa gwadawa da wannan zane. Ciki ya bi baya duk inda ya hau ko ya gangara, kauri ya kasance ana auna shi daga baya. Ƙulli kuwa a bar masa ƙarin itace kewaye da shi, ya ɗan fi maƙwabtansa tauri. Ɗan katakon aunawa ba shi da amfani a nan.

Wanda yake son ganin wannan a aikin ƙwararru ya dubi bakunan jirgin yaƙin Mary Rose, wanda ya nutse kusa da Portsmouth a 1545 aka ɗago shi a 1982. An sami baka 137 cikakku a cikinsa, da kibau sama da 3,500. Na yuw ne, tsawonsu wajen mita biyu, an bar farin itacen waje a baya saboda yana jure ja, jan itacen tsakiya a ciki saboda yana jure matsa. Ƙiyasin ƙarfinsu ya fara daga wajen laba 100, wasu har kusan 180. Da yawansu ba su miƙe sumul ba. Masu yin su sun bi zaren itacen inda ya hau da inda ya sauka, ba su daddatse shi don neman kyan gani ba. Itacen ma ba arha yake ba, tunda dokar Ingila ta 1472 ta tilasta wa 'yan kasuwa masu shigo da kaya daga ƙasashen da yake fitowa su haɗo da sandar baka huɗu a kan kowane tan.

Mu ba mu da yuw, kuma ba ma buƙatarsa. An daɗe ana cewa in ba yuw ko osej na Amurka ba, babu itacen baka na kirki, har Paul Comstock ya fitar da ɗan littafinsa The Bent Stick a 1988, sannan jerin The Traditional Bowyer's Bible ya fara fitowa a 1992, suka nuna cewa itatuwa gama-gari suna yin baka mai kyau in aka faɗaɗa reshe aka rage masa kauri. Lissafin da muka yi a sama ne: faɗi yana ba da ƙarfi ba tare da ya ƙara wa zare wahala ba. 'Yan bakan ƙasarmu, irin waɗanda suka tsaya wa dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804, ba su nemi ƙarfin bakan Ingila ba, domin kibiyar kyauro marar nauyi ce, dafi ke ƙarasa aikin. Amma dargaza da ɗunɗu da gora, waɗanda aka san su da yin baka a wannan nahiya, dokar ja da matsa ɗaya suke bi da kowane itace. Bambancin da ya shafe mu shi ne yawancin itatuwanmu ba sa nuna zoben shekara a fili, don haka hanya mafi aminci ita ce a ɓare ɓawo a hankali a bar fuskar da ke ƙarƙashinsa ta zama baya, ba tare da wuƙa ta taɓa ta ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne ga mai son itacen ya zauna a tanƙware, shi kuwa mai baka so yake ya dawo. Itacen da ke da sauran danshi, in aka ja shi, yakan bi tsirkiya ya kantare har abada. Danshin da ake so a jikin itacen wajen kashi 8 zuwa 10 ne cikin 100, kuma wanda ba shi da na'urar aunawa yana iya ɗora sandar a sikeli kowace rana har nauyinta ya daina raguwa. Yanayinmu yana da nasa sharri a nan. A hunturu danshin iska a Kano ko Damagaram yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, itacen da ya daɗe a cikinta ya sauko zuwa kashi 4 ko 5, ya yi tauri ya yi gautsi. A tsakiyar damina kuwa danshin itacen yakan hau kashi 14 ko fiye, ya yi sanyi. Bakan da aka daidaita a watan Agusta zai ƙara ƙarfi a Janairu, yana kuma iya fashewa a jan da ya saba jurewa. Wanda aka daidaita a hunturu zai yi laushi ya kantare in aka matsa masa da damina. Kantarewar santimita 3 zuwa 5 bayan an gama aiki ba abin damuwa ba ce. Abin lura shi ne inda take: a kwance tsirkiya lokaci-lokaci a gwada da zanen farko, duk wurin da ya fi sauran kantarewa shi ke aiki fiye da rabonsa, ko ido bai gani ba.

Saura daidaita rassan biyu da juna. Ginshiƙi yana riƙe baka a tsakiya yana ja daga tsakiya, hannun mutum kuwa ba haka yake yi ba: yana danna mariƙi ƙasa da inda kibiya ke wucewa, yatsu kuma suna jan tsirkiya sama da tsakiyarta kaɗan. Wannan yakan ɗora wa reshen ƙasa ƙarin wahala, shi ya sa aka saba barinsa ya ɗan fi na sama tauri. Ana auna tazarar tsirkiya da ciki a gindin kowane reshe, ta sama ta fi ta ƙasa da milimita 3 zuwa 6. Wanda yake ganin dole rassa su zama tagwaye ya dubi bakan Japan, mai tsawon sama da mita biyu, wanda ake riƙewa a wajen kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, kuma yana harbi lafiya lau. Abin da ake nema shi ne kawunan biyu su iso gida lokaci guda. Da an wuce inci 20 sai a riƙa sauke bakan daga ginshiƙi ana jansa da hannu a gaban madubi, ana jin ko yana neman kifawa gaba ko baya a tafin hannu.

A leƙa kuma ta tsawonsa daga kai zuwa kai, a ga ko tsirkiya ta ratsa tsakiyar mariƙi. In reshe yana murɗewa, gefe ɗaya na cikinsa ya fi ɗaya kauri ke nan, abin da ke yawan faruwa saboda hannu yakan karkata wajen kankara. Reshe yana kwantawa ne ta gefen da ya fi rauni, don haka gefe mai ƙarfin ake ragewa.

Inci huɗu na ƙarshe su ne mafi saurin wucewa in an yi aikin baya da kyau, don ba gyara ake yi ba, rage ƙarfi ne kawai, da dogayen kankara daga gindi zuwa kai, adadi ɗaya a kowane reshe. Baka mai wannan ƙarfi yana ƙara laba 2 zuwa 3 a kowane inci, saboda haka wanda ya kai laba 50 a inci 26 ya kusa. A tsaya da rarar laba biyu ko uku a sama da abin da ake so, domin gogewar ƙarshe da harbin farko za su cinye ta. A dakushe kaifin gefunan baya don kada zare ya sami wurin ɗagowa. Sannan a fita a harba, da rabin ja tukuna, ana ƙarawa, har kibiya ɗari ko biyu, a dawo da shi ginshiƙi a sake dubawa. Sau da yawa reshen ƙasa yakan ɗan saki, a rage na sama kaɗan. Sai bayan wannan ake shafa masa mai ko kakin zuma don toshe hanyar danshi.

In kuwa an gama an tarar ƙarfin ya gaza, akwai hanya ɗaya ta dawo da wani abu: a yanke inci ɗaya daga kowane kai a sake gurbin tsirkiya, abin da kan ƙara laba 3 zuwa 5. Amma gajeren baka ya fi shan wahala a ja iri ɗaya, don haka ba a yi wa wanda ya riga ya kantare da yawa ko mai tsage-tsage a ciki. Irin wannan gara a bar shi da ƙarfin da ya samu, a ba yaro mai gajeren ja ya koyi harbi da shi, a ɗauko wata sandar daga rumbu.